Elden Ring: Abin da Ke Kashe Ka, da Dalilin da Makaminka Ba Ya Cin Bos

Elden Ring, wasan da kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a watan Fabrairun 2022, ba ya zaunar da mutum ya yi masa bayanin yadda yake lissafin illa. Zai jera maka lambobi a shafin kaya, ya sake ka a filin Limgrave, yankin farko na wasan, sauran kuma tsakaninka ne da mahayin dokin nan mai sulken zinare da ke sintiri a bakin hanya. Shi ya sa 'yan wasa da yawa suka ɗauka duk wahalar a saurin yatsa take. Saurin yatsa na da nasa rabon, amma yawancin mutuwar da ake yi a gaban bos, wato babban abokin gaba mai tsare hanya, tun daga shafin kaya aka ɗauko ta: an shiga da makamin da jikin bos ɗin ba ya ji, ko an rataya layar da ba ta da alaƙa da abin da yake jifa da shi.

Illa iri takwas ce a wasan. Huɗu na ƙarfe ne: sara, suka, duka, da kuma gama-gari wanda bai karkata ko'ina ba. A allo za ka gan su da sunayen Slash, Pierce, Strike da Standard. Sauran huɗun su ne sihiri, wuta, walƙiya da hasken tsarki. Bayan waɗannan akwai cututtuka bakwai masu taruwa a jiki sannu a hankali, waɗanda lissafinsu daban ne gaba ɗaya. Za mu zo kansu.

Babbar lambar da ke jikin makami tana yaudara

Duk bugun da ka kai sai ya ratsa ƙofa biyu kafin ya taɓa ran abokin gaba. Ƙofar farko ita ce lambar kariya, kuma abin da wasan ke dubawa a nan shi ne sau nawa ƙarfin harinka ya ninka kariyar. Masu tono bayanan wasan sun fitar da tsarin: idan hari da kariya sun yi kunnen doki, kashi 40 cikin ɗari ne kacal ke wucewa. Idan harin ya ninka kariyar sau biyu da rabi, kashi 70 ke wucewa. Daga ninki takwas zuwa sama, kashi 90, kuma ba ya haura hakan. Idan kuwa kariyar ce ta ninka harin sau takwas, kashi 10 kawai za ka samu.

Abin lura shi ne kowane irin illa shi kaɗai yake shiga wannan ƙofa. Mu ɗauki misali da abokin gaba mai kariya 100 a kowane fanni. Takobin da ke da ƙarfi 500 na ƙarfe zalla ya ninka kariyar sau biyar, don haka wajen kashi 84 zai wuce, wato 420. Ga wani takobin kuma da allo ya nuna 560, amma 280 ƙarfe ne, 280 wuta. Kowane ɓangare bai kai ninki uku ba, wajen kashi 72 zai wuce, wato 202 sau biyu, jimla 404. Mai ƙaramar lamba ya fi cizo. Wannan shi ne tarkon da ake faɗawa idan aka samu wuƙar wasa makami, Whetstone Knife, a kangon Gatefront aka fara sauya wa makami ɗabi'a: mutum ya ga lamba ta yi tsalle ya yi murna, alhali an raba masa ƙarfin ne gida biyu, kowane gida kuma sai ya biya nasa harajin.

Ba ana nufin makami mai illa biyu ba shi da amfani ba. Yana da shi idan abokin gaban na da rauni a gaban ɓangare na biyun, ko kuma idan lambobin sun yi girman da harajin ya ragu, kamar yadda ake samu a ƙarshen wasa. Amma a farkon tafiya, ɗabi'ar Heavy ga mai ƙarfin damtse ko Keen ga mai zafin nama ta fi tabbas, kuma tana barin ka shafa wa makamin maiko na wuta ko na walƙiya lokacin da kake buƙata. Maikon minti ɗaya yake yi. Makamin da aka riga aka mayar na wuta ko na sihiri ba ya karɓar maiko.

Wannan lissafin ne kuma ya sa ƙarfafa makami a wurin maƙeri ya fi ƙara maki a Strength (ƙarfin damtse) ko Dexterity (zafin nama) tasiri a farkon wasa. Kana ɗaga lambar, kana kuma ɗaga kason da ke wucewa.

Ƙofa ta biyu ita ce ragi na kaso, wanda sulke da layu da surkulle ke bayarwa. Shi ba a tara shi, ninka shi ake yi. Idan sulkenka na rage kashi 30, layarka na rage kashi 20, bugun 1000 zai koma 700, sannan 560. Ragin ya zama kashi 44, ba 50 ba. Ta nan ne kuma layar Radagon's Soreseal, wadda ake ɗaukowa a Fort Faroth, ke karɓar kuɗinta: tana ƙara maki biyar-biyar a fannoni huɗu, amma duk bugun da aka yi maka zai ƙaru da kashi 15. Ga ɗan wasan da Vigor ɗinsa, makin da ke ƙara yawan rai, bai wuce ashirin da wani abu ba, cinikin ya yi, domin ƙarin ran da zai samu ya rufe asarar. Wanda ya kai 40, inda rai ke 1450, ko 60, inda yake 1900, ya cire ta kawai. A wannan matakin cutarwarta ta fi amfaninta.

Sara, suka, duka

Ka'idar ba ta da wuya: nama da fata da tsumma suna jin sara, dutse da ƙashi da ƙarau suna jin duka. Inda aka fi ganin bambancin shi ne ramukan haƙar ma'adinai. Masu haƙar da jikinsu ya zama dutse, takobi tsalle yake yi a kansu, amma guduma na farfasa su. Su kuwa Crystalian, mutanen ƙaran nan da ake tararwa a ƙarshen wasu ramuka kamar Raya Lucaria Crystal Tunnel, da farko kusan komai ba ya yi musu illa. Sai an dage da bugu mai nauyi har sun durƙusa jikinsu ya tsage, daga nan ko wuƙa cin su take yi. Da makamin duka, buguna kaɗan ne ke kai ka wurin. Da takobi siriri, sai ka gaji.

Saboda haka duk irin ginin da ka yi wa jaruminka, ka ajiye makamin duka guda a jaka. Morning Star, wanda ke cikin akwati a bayan wata karyayyiyar karusa a Weeping Peninsula, ya isa, ga shi kuma yana sa zubar jini. Ba sai ka rataya shi a hannu kullum ba, don abin da ke cikin jaka ba ya ƙara maka nauyi.

Suka tana da wata falala da sauran ba su da ita. Idan ka soki abokin gaba yana tsakiyar kawo nasa harin, illar tana ƙaruwa sosai, kuma layar Spear Talisman na daɗa ta. Amma dokar ta hau kanka kai ma. Idan ka ga jarumi mai mashi ya kwashe maka fiye da rabin rai da suka ɗaya, alhali ɗazu irin sukar ba ta yi maka haka ba, to ya same ka ne kana cikin kai sara. Da masu mashi da masu siririn takobi ba a musayar bugu.

Ta ɓangaren abin da kake sawa, sulken ƙarfe ya fi tare sara, ya fi rauni a gaban duka da walƙiya. Rigunan masu sihiri kuwa suna tare sihiri da kyau amma takobi na ratsa su.

Launin harin yana gaya maka layar da za ka ɗaura

Shuɗi mai ƙyalli sihiri ne, kuma shi ya cika Liurnia da makarantar Raya Lucaria. Ruwan zinare mai haske tsarki ne, irin wuƙaƙe da gudumar da bos Margit ke fitarwa daga iska. Walƙiya rawaya ce a hannun jaruman Leyndell, ja ce a wurin tsofaffin dodanni irin su Lansseax da Fortissax. Wuta ba ta buƙatar gabatarwa, sai dai a san cewa baƙar wutar 'yan Godskin tana ci gaba da cin rai na ɗan lokaci bayan ta taɓa ka. Dodanni ma kowa da abin da yake fesowa: Agheel wuta, Smarag sihiri, Borealis ƙanƙara, Ekzykes ruɓa. Wanda ya je wa Smarag da layar wuta don ya ga dodo ne, ya yi asarar gurbin laya.

Kowane fanni na da layarsa: Spelldrake ta sihiri, Flamedrake ta wuta, Boltdrake ta walƙiya, Haligdrake ta tsarki. Ta farko a kowane jeri na rage kashi 13, mai ƙari ɗaya 17, mai ƙari biyu 20. Flamedrake tana Groveside Cave, 'yan taku kaɗan daga inda aka fara wasa, Spelldrake kuma tana Earthbore Cave. Ta ƙarfe ita ce Dragoncrest, daga kashi 10 har zuwa 20 a babbarta. Akwai Pearldrake da ke taɓa duk fannoni huɗun da ba na ƙarfe ba, amma kasonta ƙarami ne, ta farkon kashi 5 ce. A ganina ba ta cancanci gurbi a gaban bos ba, tunda da wuya ka samu bos mai amfani da fiye da fanni biyu. Gara ka gano wanne ne ka tare shi da kyau.

Ruwa ma na sa baki. Idan ana ruwan sama ko ana tsaye a cikin ruwa, walƙiya na ƙara ƙarfi kaɗan, wuta na raguwa, a kanka da kan abokin gaba baki ɗaya.

Wajen kai hari, wuta ce ta fi yawan masu jin ta: duk abin da ya yi kama da itace ko tsiro, irin su Erdtree Avatar da manyan furannin nan masu feso guba. Amma kada ka kai ta wurin Mohg ko Fire Giant. Shi Fire Giant sara yake ji. Rennala kusan ba ta jin sihiri, ƙarfe kuwa na yi mata mugun lahani, don haka mai sihiri ya nemi Rock Sling a kangon Street of Sages da ke Caelid, wanda duk da sihiri ne, duwatsun da yake jifa illar ƙarfe suke yi.

Tsarki shi ne fannin da aka fi zalunta a wasan. Margit na tare shi, Malenia na tare shi, Maliketh da Radagon da Elden Beast kuwa kashi 80 suke zubarwa. Inda yake haskawa shi ne kan matattun da suka ƙi kwanciya: ƙwarangwal na cikin kaburbura da tsuntsayen mutuwa masu fitowa da dare. A nan ma akwai sharaɗi. Ƙwarangwal idan ka kayar da shi zai sake tashi, sai ka ƙara masa bugu yana ƙasa lokacin da yake wannan farin hasken. Ba kowane makami mai tsarki ke hana shi tashi ba, sai waɗanda aka yi don hakan, kamar fasahar Sacred Blade da tulun Holy Water Pot. Su kuma Revenant, masu hannaye barkatai da ke kashe mutum kafin ya ƙifta ido, surkullen warkarwa na Heal da aka yi kusa da su shi ke karya su.

Cututtukan da ke taruwa

Waɗannan ba ruwansu da ƙofofi biyun can. Kowane bugu na zuba wani abu a ma'auni, idan an daina bugu ma'aunin na sauka, idan ya cika cutar ta kama. Juriyar da ke shafin jaruminka tsawon ma'aunin take ƙarawa, ba ta rage zafin cutar idan ta kama. Immunity na tare guba da jar ruɓa, Robustness zubar jini da daskarewa, Focus barci da hauka, Vitality kuma cutar mutuwa. Garkuwa ba ta tsayar da taruwar gaba ɗaya, shi ya sa karnuka masu sa zubar jini ke kashe mai garkuwa yana tsaye a bayanta.

Zubar jini ya yi suna ne saboda kaso yake cira daga cikakken ran abokin gaba, wajen kashi 15 da ɗan ƙari a kan gama-garin maƙiya, wajen 10 da rabi a kan yawancin bosawa. Ko nawa ne ran, kason bai canza ba. Da haka ne ɗan wasa sabon shiga ke iya kashe Greyoll, ƙatuwar dodanniyar da ke kwance kusa da Fort Faroth, da Morning Star da haƙuri. Sai dai duk lokacin da cutar ta kama, ma'aunin bos na ƙara tsawo, don haka na biyu ya fi na farko wuyar samu, na uku ya fi na biyu. Kuma ba ta aiki sai da bugu a jere. Mai sara ɗaya ya ja da baya ya jira, ma'auninsa zubewa yake yi. Ƙara maki a Arcane, ɗaya daga fannonin jaruminka, na hanzarta taruwar ne kawai idan makamin da kansa yana amfana da Arcane, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba sai sun zuba maki ashirin a banza.

Daskarewa na cire nata kason, ƙasa da na jini, sannan ta sa abokin gaba ya riƙa jin kowane bugu da ƙarin kashi 20 na tsawon daƙiƙa 30. A cikin wannan lokacin ba za ka iya sake daskarar da shi ba, sai dai idan ka taɓa shi da wuta, wadda ke narkar da ƙanƙarar nan take. Zaɓi ne: ko ka bar shi a daskare ka ci ribar ƙarin, ko ka jefa masa tulun wuta ka sake tara sabuwa. Abin da ba shi da ma'ana shi ne riƙe makamin ƙanƙara a dama da na wuta a hagu ba tare da sanin ɗayan na goge aikin ɗayan ba.

Jar ruɓa ta fi guba ci nesa ba kusa ba, kuma Radahn ba ya jure ta. Idan kai ta kama, ƙwayar Preserving Boluses ko surkullen Flame, Cleanse Me, mai buƙatar maki 12 kacal a Faith, fannin surkulle, su ne magani. A fadamar Aeonia ka zauna a kan dokinka Torrent, shi ruɓar ba ta kama shi. Inda ba a hawa doki, kamar Lake of Rot, kada ka yi mirgine a ciki: ruɓar na manne wa jiki ta ci gaba da taruwa ko bayan ka fito, sai ka wanke da sabulu. Barci ya fi amfani a kan tagwayen Godskin na Farum Azula, inda tulun barci ke kwantar da ɗaya ka ji da ɗayan. Hauka ba ta kama dodanni, mutane irinka kawai take kamawa. Cutar mutuwa kuwa ba ta da zagaye na biyu: ma'auni na cika ka mutu, ko ranka nawa ne. Idan ƙadangarun nan masu manyan idanun bogi suka feso hayaƙi, ka fice daga cikinsa, kada ka tsaya neman sara.

Gumakan dutse da masu gadin kaburbura da Crystalian ba su da jinin da za su zubar. Wanda ya gina komai nasa a kan jini zai sha wuya a wurinsu.

Yadda harin ke zuwa

Mirgine na ba ka ƙasa da rabin daƙiƙa da babu abin da zai taɓa ka. Margit an gina shi ne don ya hukunta mai gaggawa: zai ɗaga sanda ya riƙe a sama, ka yi mirgine, kana miƙewa ta sauko. Ka kalli hannun, ba sandar ba, ka motsa lokacin da ya fara saukowa. Kuma ka mirgina zuwa cikin saran, ta inda ya fito, domin ta haka kai da makamin za ku wuce juna da sauri. Mai mirginawa baya yana tafiya ne tare da makamin, sau da yawa kuma bugu na biyu a can yake jiransa. Nauyin kayanka kada ya kai kashi 70 na abin da za ka iya ɗauka, in ba haka ba mirginen zai yi nauyi, tashi ya yi jinkiri.

Ba kowane hari ake mirgine wa ba. Girgizar ƙasa, irin ta Godfrey idan ya buga ƙafa, tsalle ake yi mata, kuma tsallen na ba ka damar saukowa da bugu mai nauyi. Cafka ba ta jin garkuwa, dole a goce. Garkuwar da ke tare ƙarfe ɗari bisa ɗari, irin Brass Shield, ba ta tare wuta ko sihiri duka, wani abu zai ratso. Malenia kuma ko a garkuwa ta sare ka, ranta ƙaruwa yake yi, don haka ɓuya a bayan garkuwa ciyar da ita ne.

Shan magani shi ma hari yake jawowa. Bosawa da yawa na mayar da martani da zarar ka ɗaga kwalbar magani. Godskin Apostle zai jefo baƙar wuta, Crucible Knight zai zaburo da suka. Nisa ba ya ceton ka. Lokacin sha shi ne daidai inda da za ka kai hari, wato bayan ya gama jerin bugunsa yana maida numfashi.

Kowane abokin gaba na da wani ma'aunin da ba a nuna maka, na tsayuwarsa. Bugu mai nauyi da aka riƙe, bugun tsalle, da ramuwar da ake yi bayan an tare da garkuwa su suka fi cin sa. Idan ya ƙare za ka ji ƙara, ya durƙusa, ka samu suka ta musamman. Idan ka bar shi 'yan daƙiƙu ba ka taɓa shi ba, ma'aunin zai koma ya cika, shi ya sa 'yan wuƙaƙen jifa ke da amfani lokacin da bos ya yi nisa.

Kan abubuwan ƙarin ƙarfi, akwai kuskuren da ake yawan yi. Dafaffen ƙaguwa da wani mutum mai suna Boggart ke sayarwa na rage illar ƙarfe da kashi 20 na minti ɗaya, amma ajinsa ɗaya da surkullen ƙara ƙarfi na Flame, Grant Me Strength da surkullen kariya daga wuta ko tsarki. Na ƙarshen da ka yi shi ke goge na farko. Surkullen Golden Vow ajinsa daban, yana zama tare da kowannensu, haka ma abin da ka haɗa a kwalbar Physick, ta haɗin magani na musamman.

Faɗan ƙarshe ya tara kusan duk wannan a wuri guda, kuma bosawa biyu ne a jere ba tare da an cika maka kwalabe a tsakani ba. Radagon ba ya zubar da jini, ba ya jin tsarki, amma wuta na cin sa. Elden Beast ba ya kamuwa da cuta ko ɗaya, yana rage sihiri da wuta da walƙiya sosai, ƙarfe zalla ne ya fi shiga jikinsa. Dukansu tsarki suke jifa da shi. Don haka shirin shi ne makamin ƙarfe mai ɗabi'ar Heavy ko Keen, maikon wuta don rabin farko, Haligdrake mafi girma da ka samu tare da Dragoncrest, sannan Lord's Divine Fortification idan Faith ɗinka ya kai, wanda ke rage tsarki da kashi 60. Tun gyaran da ya zo tare da ƙarin wasan mai suna Shadow of the Erdtree a watan Yunin 2024 ana iya kiran Torrent a rabi na biyu, sai dai ka sauka idan ka iso kusa da dabbar, domin a kan doki babu mirgine.